Wai matuƙin jirgi ma yana gajiya? Muhawara daga zauren 'yan Gombe

Baban Walida: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya amma wlh da ɓacin rai nake yinta. Jiya muna filin jirgin Lawanti tun azahar muna jiran jirgin Abuja, aka ce hazo, muka yi shiru, jirgi bai iso ba sai bayan isha'i, ya sauka lafiya lau muna kallonshi, kawai sai ga wani yaro da waya a hannu wai a yi haƙuri ba za a tashi ba sai gobe, wai lokacin aikin matuƙan ya ƙare dole su je su kwanta. Su kwanta fa!! Tafiyar awa ɗaya. Mutum yana zaune cikin sanyi ana kawo mishi shayi, jirgin ma ance shi yake tuƙa kanshi, wace gajiya ce dan Allah?

Sarkin Hanya: Hhhh Alhaji ka bari kawai, 'yan gata ne. Ni nan sai in ɗauko kaya daga Legas in kwana ina murza sitiyari, goro ɗaya da baƙin shayi sun ishe ni har Gombe. Su kuma awa ɗaya sai a ce barci.

Ɗan Pantami: Sarki shi yasa muke ganin tireloli a kwance a Alƙaleri ai 😂

Sarkin Hanya: Kai yaro ka kiyaye ni.

Kyaftin Gobe: Wa alaikumus salam. Baba Alhaji Allah ya huci zuciyarka, zaman filin jirgi ba daɗi. Amma ba awa ɗayan nan ake lissafawa ba. Ƙila mutanen nan tun asuba suka fito, sun je Legas sun dawo sun je wani gari, sannan suka zauna jiran hazo ya washe, kuma zaman jiran nan duk cikin lokacin aiki yake. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ƙayyade awannin da mutum zai yi yana aiki da awannin da dole ya huta, in ya tsallake lasisinshi ne a bakin wuta, kamfanin ma haka. Mu a makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya akwai darasi guda da ba ruwanshi da inji ko fiffike, jikin ɗan Adam kawai ake koya mana da inda ƙarfinshi ya tsaya, kuma sai ka ci jarabawarshi.

Baban Walida: To ai ni ban ga alamar gajiya a jikinsu ba, sun wuce ta gabanmu suna ta dariya da jakunkunansu.

Dakta Ummu Sadiq: Alhaji ai nan matsalar take. Su kansu in ka tambaye su cewa za su yi lafiyarsu ƙalau, kuma ba ƙarya suke ba, haka suke ji. Ƙwaƙwalwar da ta gaji ita ce kuma ake tambaya ko ta gaji, ka ga ba za a samu amsar kirki ba. An yi wani bincike a Ostireliya a 1997, aka ga wanda ya yi awa 17 idonshi biyu, hannunshi da hankalinshi suna yin nauyi kwatankwacin wanda ya fara buguwa. Sannan akwai wani barci na daƙiƙa biyu uku da yake sace mutum ido a buɗe bai ma san ya yi ba. Mafi muni tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe, lokacin jiki ya sauke komai, zafin jiki ma raguwa yake. Mu masu kwanan asibiti mun san lokacin nan sarai.

Sarkin Hanya: Hajiya Likita wannan lokacin kam gaskiya ne, gab da asuba ido yake yin yaji. Amma ni in na ji haka sai in faka in watsa ruwa a fuska.

Kyaftin Gobe: To Oga Sarki a ƙafa dubu 35 ina za a faka? A watan Agusta 2022 jirgin Ethiopian daga Khartum zuwa Addis Ababa matuƙan biyu duka barci ya kwashe su, hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage na ta kira shiru, har suka wuce ta saman filin da za su sauka, sai da ƙararrawa ta yi kuka suka farka suka juyo. A Janairu 2024 ma a Indonesiya jirgin Batik Air, kyaftin ya ce bari ya ɗan runtsa ya bar wa mataimaki, mataimakin kuma matarshi ta haifi tagwaye wata ɗaya baya samun barci a gida, shi ma ya tafi, minti 28 ba kowa a farke a gaban jirgin.

Maman Ilham: Innalillahi. Tagwaye kam ni shaida ce, ba barci.

Kyaftin Gobe: Waɗannan Allah ya tsare. Na Indiya ne bai zo da sauƙi ba, 22 ga Mayu 2010, jirgin Air India Express daga Dubai zuwa Mangalore, na'urar naɗar murya ta ɗauki minsharin kyaftin, ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi, ya tashi da magagi gab da sauka, ya shigo da tsayi ya wuce inda ya kamata ya dira, mataimakinshi na ce mishi a fasa a sake zagayowa bai ji ba, jirgin ya zarce ƙarshen titi ya faɗa kwari. Mutum 158 suka rasu. Shi yasa doguwar tafiya ake ɗaukar matuƙa uku ko huɗu, akwai gadaje a ɓoye a jirgin, ana karɓa-karɓa.

Baban Walida: Duk na ji. Amma me ya hana kamfani ya ajiye wasu matuƙan a nan? Kuɗinmu fa muka biya.

Baba Wakili: Wannan kuma magana ce tsakaninka da kamfani Alhaji, kuma kana da gaskiya a nan, rashin tsari nasu ne. Amma yaran da suka ƙi tashi kar ka zage su. Ni na yi aikin sojan sama har na yi ritaya, makanike ne ni ban taɓa tuƙi ba, amma na ga yaro jarumi ya sauko daga jirgin yaƙi sai an riƙe shi kafin ya taka ƙasa. Gajiya ma ai ƙarama ce a cikin abin da sama take yi wa mutum. Likita ki yi musu bayanin iska.

Dakta Ummu Sadiq: To Baba. Iskar oksijin kashi 21 cikin 100 ce a ƙasa, a sama ma haka take, abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar da yake tura ta cikin jini ta huhu. A ƙafa dubu 18 ya ragu da rabi. Shi yasa ake matsa iska a cikin jirgi, duk da haka ba a mayar da ita kamar ta ƙasa, in kana zaune a kujerarka jikinka ji yake kamar yana kan tudu mai ƙafa dubu 6 zuwa 8, kusan tsayin Chappal Waddi na Taraba kenan, dutsen da yafi kowanne tsayi a Najeriya. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai ɗan kasala. Amma in iskar nan ta zurare, a ƙafa dubu 25 mutum yana da minti 3 zuwa 5 na hankali, a dubu 35 daƙiƙa 30 zuwa 60, a dubu 40 kuwa 15 zuwa 20 ne. Kuma abin tsoron ba shaƙewa mutum yake ji ba, ba zafi ba ciwo, wani ma daɗi yake ji yana dariya yana ganin komai daidai, alhali laɓɓanshi da farcenshi sun fara yin shuɗi, ka ce ya haɗa biyu da uku ya kasa.

Ɗan Pantami: Wato mutum na mutuwa yana washe baki. Allah ya kyauta.

Kyaftin Gobe: Haka ya faru da jirgin Helios ranar 14 ga Agusta 2005, Boeing 737 ya tashi daga Larnaca ta Saifurus zai je Atina. Injiniyoyi sun yi gwaji a ƙasa suka bar makunnin matsa iska a wurin da sai da hannu yake aiki, matuƙan basu lura ba, jirgi na hawa iska na raguwa a hankali, ƙararrawa ta yi kuka suka ɗauka wata ƙararrawar ce daban domin kukansu iri ɗaya ne, suna cikin magana da ƙasa hankalinsu ya gushe. Jirgin ya ci gaba da tuƙa kanshi har saman Atina yana ta zagaye, aka tura jiragen yaƙi F-16 guda biyu suka leƙa suka ga mataimaki a kife, takunkuman iska na lilo a wurin fasinja. Mai ya ƙare ya faɗi kan tudu, mutum 121. Baba Alhaji ka ga amsar maganar jirgi na tuƙa kanshi, yana tuƙawa amma bai san mutanen ciki sun suma ba.

Maman Ilham: Yanzu na gane. Ni wlh lokacin da muka je Hajji da ma'aikaciyar ta ce in abu ya faru ki fara saka naki takunkumin kafin na ɗanki, sai naji haushi nace wace uwa ce za tayi haka.

Dakta Ummu Sadiq: Hajiya in kika tsaya kokawa da yaro daƙiƙa 30 ɗinki sun ƙare, ke kin tafi shi ma ba mai saka mishi. In kin saka naki ko ya suma kina ɗaura mishi zai dawo. Kuma iskar takunkumin fasinja ta minti 12 zuwa 15 ce kawai, an yi ta ne ta riƙe ku kafin matuƙi ya gangaro da jirgi ƙafa dubu 10 inda ake numfashi ba taimako. Don haka in aka ji jirgi ya yi ƙasa da gudu a irin wannan hali ba faɗuwa yake ba.

Baban Walida: To hazon fa? Mu muna tuƙi cikin hazo har Dukku mu kunna fitila mu tafi a hankali.

Baba Wakili: Ƙafarka huɗu na ƙasa Alhaji, kasan ina ne sama ina ne ƙasa. Ni a ganina duk cikin abubuwan nan wannan yafi cin mutane, domin shi baya buƙatar wani abu ya lalace a jirgi. Inji lafiya, matuƙi lafiya, ya yi barcinshi ya ƙoshi, amma kunnenshi ya yi mishi ƙarya.

Sarkin Hanya: Kunne kuma Baba? Da kunne ake tuƙi?

Dakta Ummu Sadiq: Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a ciki, su suke gaya wa ƙwaƙwalwa ka juya ko ka karkata. Ka tuna wasan hajijiya da muke yi muna yara, ka yi ta juyi ka tsaya cak amma ka ga duniya na juyawa ta ɗaya gefen har ka faɗi, to ruwan nan ne bai tsaya ba. A jirgi in aka karkata a hankali sosai ruwan baya motsi, kunne bai san an karkata ba. In kuma aka daɗe ana kwana ɗaya, bayan kamar daƙiƙa 20 ruwan ya daidaita sai ya ce maka ai miƙe kake. Kana gyara jirgin ya miƙe da gaske sai ka ji kamar ka karkata ɗaya gefen, hannunka da kanshi zai so ya mayar da kai cikin kwanar. Da rana ido yana ƙaryata kunne domin yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Cikin hazo ko gajimare ko duhun dare babu wannan layin, sai a bar ka da kunne.

Kyaftin Gobe: Anti Likita kin gama magana. Malaminmu ya taɓa sa ni rufe ido a sama ya ɗan yi wasa da jirgin ya ce in faɗi yadda muke, na rantse mishi muna hawa ta dama, ina buɗe ido muna gangarawa ta hagu. Kowa sai an mishi haka don ya daina yarda da jikinshi. Ana saka mana wani abu a fuska da zai hana ka ganin waje sai agogunan gabanka masu nuna yadda jirgi yake tafiya kawai, kuma wlh yaƙi ne, duk jikinka na ihu agogo ƙarya yake, kai kuma dole ka bi agogo. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da basu koyi tuƙi da agogo ba, aka toshe musu ganin waje, dukkansu jirgi ya ƙwace musu, matsakaicin lokacin da suka yi kafin ya ƙwace daƙiƙa 178 ne, ko minti uku bai cika ba.

Baba Wakili: Kuma kar a ce sai sabon shiga. Kenya Airways a Duwala nan maƙwabtanmu Kamaru, 5 ga Mayu 2007, tsakar dare ana ruwa, kyaftin tsohon hannu ne. Suna tashi jirgi ya fara karkata dama kaɗan kaɗan ba wanda ya ji, shi yana zaton na'ura ta karɓi tuƙi alhali bata karɓa ba, da ƙararrawa ta yi kuka ya ruɗe ya ƙara murzawa daman. Ko minti biyu basu yi a sama ba suka faɗa cikin fadama, mutum 114 har da 'yan Najeriya.

Ɗan Pantami: Ba irin shi ne ya kashe Kobe Bryant, ɗan ƙwallon kwandon nan na Amurka ba?

Kyaftin Gobe: Shi ne, Janairu 2020, mai saukar ungulu ne ya shiga gajimare, matuƙin yana gaya wa hasumiya yana hawa alhali ƙasa yake yi.

Baba Wakili: Na jiragen yaƙi kuma nasu daban ne. In yaro ya ja kwana mai tsanani nauyinshi sai ya ninka huɗu biyar, jini ya gudu daga kai ya taru a ƙafa, farko launi ya ɓace mishi, sai gani ya tsuke kamar yana leƙe ta rami, sai duhu, sai suma. Akwai wando na musamman mai jakar iska da yake matse cinya da ciki, kuma ana koya musu yunƙuri suna ɗaure ciki suna numfashi guntu guntu. Wandon nan mun sha duba tiyonshi kafin tashi.

Malam Na Bolari: Assalamu alaikum, ina ta bi a hankali. Tambayata ga Likita, ya batun azumi? Domin an taɓa kawo min wannan mas'ala.

Dakta Ummu Sadiq: Allah ya gafarta Malam, iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, damshinta baya wuce kashi 10 zuwa 20, ta kai ta tsakiyar hunturu ko ta fi, mutum na rasa ruwa ta numfashi bai sani ba. Ga sukarin jini na sauka da yamma, ga barcin Ramadan da ma a yanke yake saboda sahur da tarawihi. Ukun nan in suka haɗu lissafi yana yin nauyi. Hukunci kuma naku ne.

Malam Na Bolari: To ai Alƙur'ani ya riga ya yi sauƙi a Baƙara aya ta 185, matafiyi ya sha ya rama a wasu kwanaki. Wanda ya ɗauko rayuka ɗari da wani abu kuwa ni ina ganin karɓar sauƙin nan yafi mishi, ya rama ranakun hutunshi. Taƙawa ba ita ce ka jefa mutane cikin haɗari ba.

Sarkin Hanya: Malam mu ma direbobi ya shafe mu kenan?

Malam Na Bolari: Kai da kake kwana a hanya kana tambaya? Amma ka rama fa, ba a ce an yafe ba.

Baban Walida: Ni dai har yanzu ina kan bakana, a ajiye matuƙan canji. Otal ɗin da na kwana ba wanda ya biya min.

Maman Ilham: Likita ni kunnena ne ya kusa fashewa da za mu sauka Jidda, kwana biyu bana ji sosai. Su matuƙan basa ji ne?

Dakta Ummu Sadiq: Suna ji mana, kunne ɗaya ne. Akwai siririyar hanya daga bayan dodon kunne zuwa maƙogwaro, ita take daidaita iska, in kina mura majina ta toshe ta, wajen sauka iskar waje ta danna dodon ciki, har yana iya fashewa. Ki dinga haɗiyar yawu, hamma, cin cingam, ko ki toshe hanci ki hura a hankali, jariri kuma a bashi nono. Matuƙi mai mura ba a so ya tashi sam, kuma ba zai ce bari in sha Piriton in tafi ba domin yana sa barci. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma akwai wanda aka hana su, irin mefloquine, saboda yana taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo jiri. Mai shan taba kuma tun daga ƙasa ya riga ya ci bashi, hayaƙin yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ganinshi na dare ma raguwa yake.

Ɗan Pantami: Ance iskar ciki ma kumbura take a sama, kenan wanda ya ci ƙosai da alale kafin ya hau jirgi maƙwabcinshi ya shiga uku 😂😂

Dakta Ummu Sadiq: Kana wasa amma haka ne, tana ƙaruwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Haƙori mai rami ma yana iya tashi da ciwo a sama.

Admin: Ɗan Pantami a kiyaye harshe akwai iyaye a gidan nan.

Maman Ilham: To tunda ga masana bari in yi tambayar da ta dame ni. Babban ɗana ba shi da zance sai tuƙin jirgi, bana zai gama sakandare, amma yana saka gilashi kuma jininshi AS ne. Babanshi har yana maganar sayar da filinmu na Tumfure. Akwai amfani ko mu haƙura tun yanzu?

Kyaftin Gobe: Mama gilashi baya hanawa a jirgin fasinja in dai yana gyara ganin ya kai yadda ake so, ajinmu ma akwai masu sakawa, sai dai a ce ka riƙe na biyu a aljihu. Na soja ne suka fi tsanani. Abin da yafi kayar da yara shi ne rarrabe launi, wani bai taɓa sanin baya bambance ja da kore ba sai ranar da aka buɗe mishi littafin nan mai ɗige-ɗige aka ce karanta lamba. Kuma fitilun jirgi ja ne a hagu kore a dama, na gefen titin sauka ja da fari ne su suke gaya maka kayi sama da yawa ko kayi ƙasa.

Dakta Ummu Sadiq: SS kam ba hanya Hajiya, ƙarancin oksijin shi yake tayar da ciwon. AS yawanci baya hana aikin farar hula, amma likitan da NCAA ta amince da shi ne zai yanke, ba kowane likita yake sa hannu a wannan takardar ba, ni ma bana cikinsu. Za a duba zuciya, ji, gani, hawan jini, sukari, fitsari, kuma ba sau ɗaya ba ne, duk shekara sai an sake, in mutum ya kai 60 duk wata shida, a 65 ya ajiye jigilar ƙasa da ƙasa. Ki fara kai shi asibitin ido a nan Gombe a gwada launin nan, ba tsada, in ya wuce sai ku nemi cikakken gwajin lafiya na aji na ɗaya, wanda ake yi wa matuƙan jirgin fasinja. Filin dai kar a taɓa shi sai takardar ta fito.

Maman Ilham: Na gode Likita, Allah ya saka. Ranar Litinin zan kai shi in sha Allah, in haɗa da ƙaninshi domin shi ma ya fara cewa sojan sama.

Baba Wakili: Ƙaramin ki turo min shi gida in ya samu hutu, akwai abin da zan gaya mishi game da gudu da safe.